Sababbin kyamarorin Amsterdam da aikinmu na biki da hawa a Katsina

Auta Ƙofar Kaura:
Assalamu alaikum iyayen gida da yayyena. Wa ya bi IBC na 2025, baje kolin kayan bidiyo da talabijin na Amsterdam, wanda ake yi duk watan Satumba? Ni dai tun da na ga kyamarar Nikon ZR hankalina bai kwanta ba. Kun san a 2024 Nikon ta saye kamfanin RED, masu kyamarorin da ake ɗaukar manyan finafinai da su, to wannan ce kyamarar Nikon ta farko da ta fito da fasahar RED a cikinta. Tana ɗaukar 6K, wato hoto mai ɗigo wajen dubu 6 a faɗi, har firam 60 a daƙiƙa, tana da raw irin na RED, wato ɗanyen hoton da sai a kwamfuta ake sarrafa shi, allonta inci 4 ne, sannan tana naɗar sauti na 32-bit a cikinta ba sai ka rataya wata rikoda ba. An fitar da ita a kan dala 2,200. Canon ma ta fito da C50 mai 7K a kan kusan dala 3,900. In an koma watan Afrilu, a baje kolin NAB na Las Vegas, kamfanin Blackmagic ya nuna kyamarar PYXIS 12K a kan dala 4,995. Masu sharhi a YouTube duk sun rikice, kowa na cewa ba a taɓa ganin araha irin wannan ba. Ina tunanin in sayar da kyamarata da lens biyu, in cika da abin da na tara, in yi odar ZR kafin bukukuwan Disamba. Ku ba ni shawara don Allah.

Baba Mai Bidiyo:
Wa alaikumus salam Auta. Araha ce ga wanda ake biya da dala. Ɗauko biro mu yi lissafi. A kan naira 1,500 duk dala ɗaya, ZR ɗinka ta kama miliyan 3 da dubu 300, gangar jiki kawai. C50 ta doshi miliyan 6, PYXIS kuwa miliyan 7 da rabi. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa kwastam ba, ba a sa ribar wanda zai kawo maka ita Legas ko Kano ba. Kafin watan Yunin 2023 da aka saki naira, dala tana wajen 460 a banki, 700 da wani abu a kasuwa. Tun daga nan kuɗin kaya ya ninka, amma uban amarya bai ninka abin da yake ba ka ba. Kai ma ka san yadda ake yi da mu: sai an sallami mai abinci, mai kwalliya, mai rumfa da mai kiɗa, sannan a tuna da mai bidiyo, a yi ciniki da shi da abin da ya rage.

Kuma lens ɗin da ka ce za ka sayar, da mi za ka ɗauka? ZR bakin ɗaura lens na Nikon, wato Z, gare ta. Ko dai ka sayi lens ɗin da ya dace da bakin, ko ka nemi adafta, kuma duk kuɗi ne.

Auta Ƙofar Kaura:
Gaskiya ne Baba, amma ai ingancin ne zai jawo kuɗin. In suka ga bambanci za su biya.

Maman Ilham:
Auta ƙanena, a ina za su ga bambancin? Ni aikina duk na mata ne, kamu da ƙunshi da walima da buɗar kai, wuraren da namiji ba ya shiga. Ban taɓa samun uwar amaryar da ta kalli aikina a babban allo kafin ta biya ni ba. A waya suke gani. Da na ba su, ƙanwar amarya za ta tura wa ta Abuja ta WhatsApp, ta Abuja ta tura wa ta Maraɗi. Ko ka danna HD ɗin da WhatsApp ya ƙara a 2023, a 720 yake tsayawa. Sai dai ka tura a matsayin fayil, wanda yake ɗaukar har giga 2, to wace gwaggo ce za ta ƙona data haka?

Bari in gaya maka abin da nake fama da shi. Ɗaki ne ƙarami, ƙwai ɗaya a sama mai jan haske, amarya ta lulluɓe da mayafi mai ƙyalli, ƙawaye sun cika gado sun cika ƙasa, dangin ango suna bakin ƙofa ana cinikin kamu. Ba wurin kafa ƙafar kyamara, ba wurin kunna fitila. Abin da nake nema kyamarar da za ta kama fuska ta riƙe ta ko da wata ta gitta, ta yi haƙuri da ƙarancin haske ba tare da hoton ya yi yashi-yashi ba, kuma ta zama ƙarama. Babbar kyamara mai waya ko'ina tana sa tsofaffi su rufe fuska su yi shiru, shi ke nan ka rasa raha da waƙar da aka kira ka dominta.

Amma abu ɗaya cikin abin da ka lissafa ya ja hankalina, wato sautin 32-bit ɗin nan. Guɗa ce babbar matsalata. Ana magana ƙasa-ƙasa na ɗaga sauti, sai wata ta rangaɗa guɗa a gefen kunnena, sautin ya fashe, ba ya gyaruwa.

Edita Ɗandaura:
Hajiya, wannan kam ba sai kin sayi kyamarar miliyan 3 ba. Rode Wireless Pro da ya fito a 2023 da DJI Mic 2 na farkon 2024 duk suna naɗar 32-bit a cikin ɗan abin da ake maƙalawa a riga. Amfaninsa shi ne fayil ɗin yana da fili mai yawa, in sauti ya haura sai ki jawo shi ƙasa a kwamfuta ya dawo daidai, in ya yi ƙasa ki ɗaga. Sharaɗi ɗaya ne: kada ƙarar ta fi ƙarfin bakin makirfon kansa. In mai guɗa ta sa baki a kai, ba lambar da za ta cece shi. Ki maƙala shi nesa da ita kaɗan, kuma ki tuna sautin da ke cikin makirfon za ki kwaso, ba wanda ya shiga kyamara ta iska ba.

Auta, ni maganata a kan kwamfuta ce, don duk wanda ya ɗauko aiki a wurinmu yake ƙarewa. Hoton 1080 ɗigo miliyan 2 ne da 'yan kai. 4K miliyan 8 da ɗoriya. PYXIS 12K ɗin da ka ambata 12,288 ne sau 8,040, wato kusan miliyan 99 a kowane firam. Wace kwamfuta gare ka? In laftof ɗin da na sani ce, 4K ma sai da firoksi, wato ƙaramin kwafi marar nauyi, take tafiya. Yawancin sababbin kyamarori suna matse bidiyo da tsarin H.265 mai riƙe launi da yawa, wato 10-bit 4:2:2, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da ɓangaren da ke warware shi, sai su ɗora wa furosesa, hoto ya riƙa tsalle. Na Apple daga M1 na 2020 da Intel daga ƙarni na 11 suna sauƙaƙa wannan. Raw kuwa cin wuri gare shi. ZR katin CFexpress B take so, ba SD ɗin da ke aljihunka ba. Ka sayi katin, ka sayi abin karanta shi, ka sayi SSD, wato diski mai sauri, na aiki, ka sayi wani diski na ajiya. Sannan ka zo kan wuta. Aikin da kake fitarwa cikin ɗan lokaci zai koma na tsawon dare, in ba ka da sola da inbata, fetur ɗin janareta ne zai cinye ribar.

Auta Ƙofar Kaura:
Yaya, ai ba dole sai na ɗauki raw kullum ba. Zan iya ɗaukar biki da ƙaramin tsari.

Edita Ɗandaura:
To in haka ne ka biya kuɗin abin da ba za ka yi amfani da shi ba ke nan, domin raw ɗin RED shi ne dalilin sayenta.

A wurina babban labarin NAB na 2025 ba kyamara ba ce, manhajar gyaran bidiyo ce, DaVinci Resolve 20. Matasan nan ba su san darajar abin da suke saukewa kyauta ba. Kafin Blackmagic ta sayi da Vinci a 2009, na'urar gyaran kala ce ta manyan situdiyo, ana sayen ta dubban ɗaruruwan daloli. A NAB na 2010 suka mayar da ita manhaja ta dala 995, a 2011 suka fitar da ta kyauta. Yau ta kyautar tana yanka, tana gyaran kala, tana gyaran sauti, tana fitar da 4K. Wadda ake saye, wato Studio, dala 295 ce, biya ɗaya. Adobe kuwa, mai manhajar yanka bidiyo ta Premiere, tun 2013 ta koma biyan wata-wata, kuma kowa ya tuna yadda bankuna da yawa suka rufe biyan dala da katin naira a 2022. Shi ya sa rabin shagunanmu suke aiki da manhajar da aka fasa. Ina roƙonku a bar wannan. Hakkin mutane ne, kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, alhali bidiyon matan mutane ne a kwamfutarka.

Malam na Poli:
Na karanta duka, kuma lissafin Baba da na Edita daidai ne. Amma ina so in tsaya wa Auta a wani ɓangare, don kada mu mayar da kanmu masu biki kawai.

A watan Disamban 2024 UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Duniya ta fara neman hoton hawa mai kyau. Mu nan muna da hawan salla da hawan bariki, Daura tana da hawan Magajiya da sallar Gani. Wa yake ajiye su da ingancin da zai yi amfani nan da shekara 30? Ku tsaya ku kalli doki ɗaya da ya fito daga Ƙofar Soro: ɗinkin da ke jikin jalala, sarƙar sulke ɗaya bayan ɗaya, lifidi, gashin jimina a kan kwalkwali, naɗin rawanin hakimi da yadda ya bambanta da na ɗan sarki. A 1080 daga nesa duk wannan launi ne kawai ke wucewa. A 6K kana iya tsayawa inda dogarai suka ajiye ka, ka ɗauki faɗi, daga baya ka yanko kusa ba tare da hoton ya lalace ba. Ga kuma abin da ya burge ni a C50: tana ɗauka da ilahirin sensa, tsarin 3:2, don haka daga ɗauka ɗaya za ka fitar da na kwance don YouTube da na tsaye don TikTok. Doki ba ya maimaita sukuwa don ka juya kyamara.

Don haka ba na cewa kowa ya saya. Ina cewa ya kamata a ce akwai irin wannan kyamara ko guda ɗaya a garin nan, a hannun wanda ya san abin da yake yi.

Baba Mai Bidiyo:
Malam, ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Ni na fara da Panasonic ta kafaɗa mai cin kaset ɗin VHS, daga baya muka koma Sony PD170 mai ƙaramin kaset, sannan Canon 5D Mark II ta 2008 ta zo ta juya sana'ar gaba ɗaya, kowa ya koma kyamarar hoto. Ina da kaset-kaset na hawa tun zamanin marigayi Sarki Muhammadu Kabir Usman, Allah ya jiƙan shi, wanda ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008. Hotonsu bai kai rabin na wayar yaro ba, layi wajen 240 ne. Amma suna nan cikin kwali, in ka samu na'ura za ka ga mutanen da suka riga mu gidan gaskiya bisa dawakinsu.

Yanzu ka tambayi yaran nan aikin hawan shekara uku da suka wuce. Wani zai ce ya goge kati don biki ya taso, wani diski ya faɗi, wani kwamfutar ya sayar. An ɗauka da 4K amma babu shi. To mi 12K za ta ƙara mana in fayil ɗin ya fi girma, ya fi saurin cika diski, ya fi saurin sa a goge shi? In da gaske tarihi muke so, a fara da wurin ajiya. Kwafi biyu, wuri biyu, da suna da shekara a rubuce a jiki.

Malam na Poli:
Na karɓi wannan, Baba. Amma kaset ɗin nan naka ma suna cikin haɗari. Zafi da damshin damina suna sa su yin fumfuna, tef ɗin ya manne. Kuma tun 2016 aka daina ƙera na'urar VHS a duniya. Ya kamata a juye su kwamfuta tun ana samun na'ura mai aiki.

Ɗan Sabon Layi:
Ku yi haƙuri in ɗan katse ku, ni sabon shiga ne. Na sayi kyamara ta hannu daga Amurka, in na ɗauki biki a hol sai in ga wasu layuka baƙi-baƙi suna hawa suna sauka a hoton. A waje ba ta yi. Ta lalace ne?

Edita Ɗandaura:
Lafiyarta ƙalau ƙanena. Wutar Amurka 60 take bugawa a daƙiƙa, tamu 50. Kyamarar tana kan NTSC, tsarin Amurka, firam 30 ko 60. Shiga saiti ka mayar da ita PAL, tsarin da ya dace da wutarmu, ka ɗauka da firam 25 ko 50, shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam, 1/50 ko 1/100. In janareta ne mai tangal-tangal ko fitilun ado masu araha, sai ka ɗan motsa shota sama ko ƙasa kana kallon allo har layin ya tsaya.

Ɗan Sabon Layi:
Allah ya saka da alheri Yaya. Har na fara neman mai saye.

Mai Hoton Kusugu:
Ni daga Daura nake, kuma hawa da taron siyasa da saukar karatu su ne yawancin aikina, duk a rana. Abin da ba na ji masu sharhin nan suna faɗa shi ne a ina suka gwada kayan. Cikin hol mai na'urar sanyaya ɗaki, an jera fitilu, an zaunar da mai ado a gaban kyamara. Da yawansu ma kamfanin ne ya ba su aron kayan kafin a fitar. Ba na cewa ƙarya suke yi, amma ba rayuwarmu suke gwadawa ba.

Ku buɗe littafin kusan kowace kyamara, za ku ga an rubuta tana aiki daga digiri 0 zuwa 40. Mu a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa, balle baƙar kyamara da ta yi awa biyu a ƙofar fada. ZR ba ta da fanka, C50 tana da ita. Marar fanka sai a ga yadda za ta jure zafinmu, mai fanka kuma sai a ga yadda za ta yi da ƙurar hunturu da wadda dawaki ke tayarwa. Na taɓa tsayawa ana gab da fitowar Sarki, algaita ta ɗauka, bindigogi sun fara tashi, alamar zafi ta fito a allon wata kyamara da nake aiki da ita, na cire hula na rufa mata ina fifita da kwali. Wanda bai taɓa shiga wannan ba ba zai gane me ya sa muke tambayar zafi kafin mu tambayi 6K ba.

Abu na biyu gilashin rage haske, ND. Duk ukun da Auta ya lissafa ba wadda take da shi a ciki. A ranar Daura ba ND, ko dai fararen riguna su ƙone su zama fari fat ba ɗinki ba aska, ko ka ɗaga shota motsi ya riƙa yankewa. Blackmagic Pocket 6K Pro ta 2021 tana da shi a ciki, Canon C80 da Sony FX6 ma haka. Ni wannan ya fi mini ƙarin ɗigo.

Baba Mai Bidiyo:
Kuma a daina gaggawar sayen abin da aka nuna a baje koli. A NAB na 2012 Blackmagic ta nuna kyamararta ta farko, duniya ta ɗauka, mutane suka zuba kuɗi, sai aka samu matsala wajen sensa, wasu suka yi watanni suna jira. A 2011 can Las Vegas aka nuna Final Cut Pro X, manhajar yanka bidiyo ta Apple, ana ta tafi, da ya fito sai ga shi ba ya buɗe aikin da aka yi da Final Cut 7, ba ya haɗa kyamarori da yawa, editoci suka yi ta ƙaura. Daga baya an gyara abubuwa da yawa, amma wanda ya fara saye shi ya sha wahalar. Kai kuma Auta, in wani abu ya samu sabuwar kyamara a tsakiyar Disamba, wa zai buɗe maka ita? Masu gyaranmu na Kano sun saba da abin da ya yi yawa a hannun mutane, shi ne ake samun kayan gyaranshi.

Ɗan Waya:
Iyayena ku bar ni in sa baki, ko da yake wasu ba sa lissafa mu cikin masu sana'ar. Ni da waya nake aiki, tallan shaguna da masu atamfa da masu abinci, ina yankawa da CapCut, a ranar nake ba su. Abin da baje kolin nan ya amfane ni da shi shi ne manhajar Blackmagic Camera. A IBC na 2023 suka fitar da ita don iPhone, a 2024 ta zo Android, kuma kyauta ce. Da ita nake kulle shota da ISO da launin haske, hoto ya daina canzawa da kansa. Daga iPhone 15 Pro ma kana iya jona SSD ka naɗa kai tsaye. Mai shago ba ya tambaya ta da me na ɗauka, tambayarsa yaushe zai ɗora.

Baba Mai Bidiyo:
Kana cikinmu ɗana. Duk wanda ya san haske ya san sauti, ya kuma riƙe amanar mutane, ɗan sana'a ne. Sai dai waya ba ta kai ka inda dogon lens ke kai ka, kuma ba ta son duhu. Ka zo ka zamna da mu ranar hawa ka ga wancan ɓangaren.

Alaramman Situdiyo:
Ni tafsiri da wa'azi da musabaƙa nake ɗauka. Cikin abin da aka nuna a Resolve 20 akwai wanda yake duba kyamarori da yawa ya riƙa zaɓar wadda ke kan mai magana da kansa. Ku yi tunanin tafsirin azumi: mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara, a koma, haka har a tashi, kullum har wata ya ƙare. Yankan nan da hannu shi ke hana mu barci. In wannan ya yi aiki a kan karatunmu, dala 295 ɗin Studio ta biya kanta.

Abin da ya dame ni shi ne rubuta magana. Premiere yana sauraren bidiyo ya rubuta abin da aka faɗa, har ka yanka bidiyo ta hanyar goge rubutu. Akwai Turanci, Faransanci, Hindi, Japananci, har harshen Denmak. Babu Hausa a jerin. Duk abin da ake ta yabo na yankan bidiyo da rubutu, mu a bakin ƙofa muke tsaye, har yanzu da hannu muke buga kowane layi.

Maman Ilham:
Alaramma, ni kuma tsorona daban ne. An nuna wani abu a Premiere da yake ƙara wa bidiyo har daƙiƙa 2 da ba a ɗauka ba, kwamfuta ce ke ƙirƙira. Kuma ba a kwamfutarka ake yin sa ba, sai an tura guntun bidiyon ta intanet. Haka ma tsarin da ake tallatawa na kyamara ta riƙa tura aiki sama tun ana ɗauka. Ni matan da nake ɗauka sun cire mayafi ne don sun san mace ce a gabansu. Mijin wata ma sai da ya sa na yi alkawarin ba namijin da zai ga aikin, shi ya sa na koyi yanka da kaina. Ba zan tura fuskar matar aure wani wuri da ban san wa ke riƙe da shi ba, kuma ba zan ba amarya motsin da ba ta yi ba in ce bikinta ne. Masu talla su yi amfani da shi, ba laifi. A aikina babu shi.

Edita Ɗandaura:
Wannan gaskiya ne Hajiya. A Resolve kayan gyaran irin su ware murya daga hayaniya a kan kwamfutarki suke aiki, ko babu intanet. Amma a Studio suke, kuma suna son kwamfuta mai ƙarfin katin hoto.

Auta, ga inda baje kolin yake amfanarmu da gaske. Duk lokacin da sabuwa ta fito, masu kuɗi a can suna sakin ta hannunsu. Panasonic GH5 ta 2017, Blackmagic Pocket 4K da aka nuna a NAB na 2018 a kan dala 1,295, Sony FX30 ta 2022, duk suna ɗaukar 4K mai 10-bit ko fiye, kuma yanzu ta hannu ake samunsu. ZR ta fito da farashin da zai matsa wa sauran kamfanoni, ka ba kasuwar 'yan watanni ka gani.

Auta Ƙofar Kaura:
Na gode ƙwarai, na ji maganar kowa. Ba zan ɓoye ba, har yanzu raina yana kan ZR, don ba biki kawai nake so in tsaya a kai ba. Ina so in yi gajeren fim da shirin tarihi irin wanda Malam ya faɗa, wanda za a iya nunawa a ko'ina ba a ji kunya ba. Amma ba zan sayar da lens ɗina ba. Kuɗin da ke hannuna zan sa a makirfo, ND mai kyau, SSD da ƙarin RAM, in yi Disamba da abin da nake da shi. Malam, maganar kyamara ɗaya a gari fa? In mutum biyar ko shida suka haɗa kuɗi aka saya, ana ba da haya, mai aikin da ya cancanta ya ɗauka?

Malam na Poli:
Zai yiwu, amma sai an rubuta komai: wa ke ajiyewa, nawa ne hayar kwana, wa zai biya in ta lalace, wa ke da ita ranar salla tunda kowa ranar yake so. In ba a rubuta ba zumunci zai ɓaci. Kuma kada a saya sai an ga rahoton waɗanda suka yi aiki da ita a ƙasashe masu zafi irin namu.

Mai Hoton Kusugu:
Kafin nan mu gwada abin da ke hannunmu. Ranar Asabar kowa ya zo da kyamararsa, har da Ɗan Waya. Mu ɗauki hasumiyar Gobarau da tsakar rana, mu ɗauki mutum mai farar riga a inuwa da rana, bayan magariba mu ɗauki ɗaki mai ƙwai ɗaya irin wanda Hajiya ta kwatanta. Edita ya haɗa su ba suna, a turo nan ta WhatsApp, a kuma kalla a babban allo. Zan shigo motar safe daga Daura.

Maman Ilham:
Ni ba zan samu zuwa ba, ina da kamu a Dutsin-Ma. Zan ba ƙanena kyamarata ya kawo, a saka ta cikin gwajin ɗakin.

Edita Ɗandaura:
Kowa ya sa PAL, firam 25, kuma ya zo da katinsa a goge don kada aikin mutane ya shigo kwamfutata.

Baba Mai Bidiyo:
Ku haɗu a shagona ƙarfe 11, daga nan mu taka. Zan fiddo kwalin kaset ɗin Malam ya duba waɗanda za su ceto. Kan na'urata ta VHS ya mutu, don haka duk wanda ya san mai VHS mai aiki, a Katsina ko Funtua ko Daura, ya yi mani magana kafin Juma'a. Abin jona ta da kwamfuta Edita yana da shi.

Alaramman Situdiyo:
Akwai ɗaya a gidan yayana a Rafin Daɗi, Baba. Zan je in gwada ta gobe bayan la'asar, in tana jan kaset zan kawo.